Man Ayu Na Yawa A Kasuwa, Ayu Na Ƙarewa A Kogin Kwara

Daga Kontagora

Duk wanda ya taɓa zagaya rumfunan masu magani a Agege ko Idi-Araba cikin Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ya san 'yar kwalbar nan da akan jera bisa tabarma kusa da man damo da sauran kayan mata. Man ayu ake ce mata. Amare na nema, uwargida na nema, maza ma sukan saya a ɓoye su aika gida. Yanzu har a Facebook da WhatsApp ana tallanta. Amma in ka tara masu saye ɗari ka tambaye su yadda ayu yake, da wuya ka sami biyu da suka taɓa ganinsa. Waɗansu su ce kifi ne, waɗansu su ce aljanar ruwa ce, waɗansu kuwa su ce ai tatsuniya ce kawai.

To, ayu dabba ne na gaske, kuma ɗaya daga cikin gidajensa yana nan yamma da Kontagora, watau Kogin Kwara da Tafkin Kainji. Mutanen Kontagora da yawa ba su ɗauki kansu mutanen ruwa ba, gama garin da Umaru Nagwamatse ya kafa garin tudu ne, na doki da noma. Amma ƙasar Sarkin Sudan ta miƙa har gaɓar tafkin ta gabas, wajen Auna cikin Ƙaramar Hukumar Magama, kuma Kogin Kontagora kansa Kwara yake zubawa. Saboda haka maganar ayu maganar gida ce.

Ba kifi ba ne

Ayu ba ya ƙwai. Haihuwa yake yi, ya shayar da ɗansa nono, ya shaƙi iska da huhu kamar saniya. Babba yakan kai ƙafa 10 ko fiye a tsawo, nauyinsa kuwa daga kilo 300 zuwa 500, watau ya kai bajimin sa. Fatarsa toka-toka ce mai kauri, da gashi jefi-jefi. Ba shi da ƙafafun baya, sai wata faffaɗar wutsiya mai kama da faifai, da hannuwa biyu a gaba masu kama da filafilin tuƙa jirgi, har da 'yan farata a bakinsu. Nonon macen yana can ƙarƙashin hammata, ɗaya kowane gefe. Wannan shi ya jawo zancen da ake yi cewa rabinsa mutum ne. Ba mu kaɗai muka ruɗu ba. Cikin Janairu 1493 Kolumbus, Baturen nan da ya ƙetare teku zuwa Amurka, ya ga irinsa guda uku, ya ɗauka 'yan matan ruwa ne, sai dai ya yi ƙorafin ba su kai kyan da ake zana su ba. A Kudu ma mutane da yawa suna haɗa shi da labarin Mamiwata.

Abin mamaki, masana dabbobi sun tabbatar cewa danginsa na kusa a duniya su ne giwa da rema, 'yar dabbar nan ta kan duwatsu. Haƙoransa ma irin na giwa suke tafiya. Ba shi da na gaba in ya girma, sai turame, su kuwa daga can ƙuryar muƙamuƙi suke fitowa suna matsowa gaba a hankali. Na gaba in ya cinye saboda yashin da ke cikin ciyawa sai ya faɗi, na baya ya maye gurbinsa, haka har ya mutu. Kusan dukan dabbobi masu shayarwa, daga ɓera har raƙumin dawa, ƙasusuwan wuyansu bakwai ne, amma na ayu shida ne, don haka ba ya iya waiwaye sai ya juya jikinsa duka. Haƙarƙarinsa dunƙulalle ne mai nauyi, ba ɓargo a ciki, shi ke taimakonsa ya nutse ya kwanta a ƙasan ruwa ba wahala. Yakan ɗago hanci ya shaƙi iska bayan kowane minti uku zuwa biyar, amma in yana hutawa yakan kai minti 20 bai ɗago ba. Da yake kuma mai kunya ne, ya fi kiwo da dare, masunci zai iya shekara goma yana wucewa ta kansa bai ga kome ba sai hanci biyu da 'yar da'ira a kan ruwa.

Abincinsa ciyawa ce, musamman burugu, doguwar ciyawar nan mai zaƙi da Fulani ke kai shanu ci a bakin Kwara da rani, sai bado da kainuwa da ganyen itatuwan da suka sunkuyo kan ruwa. A rana yakan ci abin da ya kai kashi 4 zuwa 9 cikin ɗari na nauyin jikinsa. Ayu mai kilo 400 ke nan zai lanƙwame kilo 16 zuwa 36 na ɗanyar ciyawa kafin gari ya sake wayewa. Abincin yakan yi kusan mako guda a cikinsa kafin ya fita. An daɗe ana zaton ciyawa kaɗai yake ci, amma binciken da wata masaniya Ba'amurkiya, Lucy Keith-Diagne, ta yi a Senigal da Gabon ya nuna na Afirka yakan haɗa da kifi da dabbobin ruwa masu ɓawo. Ashe dai masuntan da ke kukan yana tsotse musu kifi a taru ba ƙarya suke yi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen haihuwa. Macen ayu takan yi wajen shekara guda da ciki, ta haifi ɗa guda, ta shayar da shi har kusan shekara biyu. Kafin ta sake haihuwa an yi shekara uku, wani lokaci har biyar. A gwada da akuya mai wata biyar da ciki, ta kuma zubo tagwaye, ko giwan ruwa mai zuba ƙwai miliyoyi a lokaci guda. In aka kwashe giwan ruwa a wani gurbi, baɗi wasu sun taso. In aka kashe macen ayu guda, an kashe ta da ɗan da take shayarwa, an kuma kashe 'ya'ya bakwai ko takwas da za ta haifa nan gaba.

Sarkawa da zago

Sunan nan ayu ba na Hausa kaɗai ba ne. Zabarmawa da mutanen Sanwai na Gawo da Tumbutu ma haka suke kiransa, abin da ke nuna sunan ya bi kogi ne tare da masu jirgi. Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ji labarinsa a Binuwai cikin 1851 ya rubuta sunan yadda ya ji. Abokin tafiyarsa Vogel ya aika da bayaninsa Ingila bayan 'yan shekaru kaɗan.

A Kwara farautar ayu ba ta kowa ba ce. Sana'ar Sarkawa ce, masuntan nan da asalinsu ke komawa ga Sorko na ƙasar Sanwai, su ne masu dorina da kada da ayu. Gungawa da Lopawa da Kambarin bakin ruwa suna su, amma manyan namun ruwa sai gidajen da suka gada. Mafarauci yakan gane wurin kiwon ayu ta saran da ya yi wa burugu da kashinsa da ke tasowa kan ruwa. Sai ya kafa ɗan dandamali, ko ya laɓe cikin jirgi, ya kwana yana jira da zago a hannu, watau mashin nan mai ƙaya da aka ɗaure wa igiya da abin da ke taso kan ruwa. Wani ya yi kwana bakwai bai samu ba. Ga kuma tsoro: an yarda cewa wanda ya taɓa ayu ba da shiri ba zai gamu da hauka ko mutuwar iyali. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, tsoron ya yi aikin da doka ba ta yi ba, gama ya rage yawan masu farautar. Sarkin Ruwa kuma yana da ta cewa kan wanda zai shiga wane gurbi da kuma yaushe.

Abin da ya rushe wannan tsari shi ne tarun roba da injin jirgi. Tarun zaren roba ba ya ruɓewa, ga araha, kowa na iya saye. Shi kuwa taru bai san gado ba, bai san asiri ba. Ayu ya sarƙe cikinsa da dare, ya kasa ɗago hanci, kafin asuba ya mutu. Masunci da bai fita neman ayu ba ya wayi gari da nama kilo ɗaruruwa, ga mai, ga fata, ga ƙashi, kowanne da mai sayensa. Wa zai mayar da wannan ruwa?

Madatsa ta raba zumunci

An fara ginin madatsar Kainji cikin 1964, aka tare ruwan cikin 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta cikin Fabrairu 1969. Ruwan ya taru ya zama tafki mai tsawon kusan mil 85, ya haɗiye tsohuwar Busa inda Mungo Park ya halaka cikin 1806, ya haɗiye tsibirin Foge da gungu da yawa. Mutum wajen 44,000 aka tayar aka sake wa matsuguni. An ƙidaya mutane, an ƙidaya gidaje da gonaki, an biya diyya gwargwado. Ayu ba a ƙidaya shi ba.

Kafin madatsa ayu matafiyi ne. In ruwa ya cika ya bi shi ya shiga fadamu da ƙoramu yana kiwo, in ya janye ya koma gurabe masu zurfi. Ba abin da zai hana na Yawuri ya gangara Lakwaja, ko na Binuwai ya hauro. Kainji ta datse wannan hanya. Cikin 1985 aka buɗe ta Jebba a ƙasa da ita, sai kogin ya zama ɗaki-ɗaki. A nan ne abin ya shafi Kontagora kai tsaye, domin Kogin Kontagora yana faɗawa Kwara ne tsakanin madatsun nan biyu. Duk ayun da ya saura a wannan yanki a kulle yake, ba gaba ba baya, ba baƙon da zai zo masa daga wani wuri. Kowane makiyayi ya san abin da ke samun garken da ba ya samun baƙon sa. A can sama kuma Jamhuriyar Nijar ta daɗe tana aikin tata madatsar a Kandaji, arewa da Yamai.

Injunan lantarkin ma suna ci. Wani masanin ayu Ba'amurke, James Powell, wanda ya zagaya Afirka ta Yamma yana bincike, ya ba da rahoto cikin 1996 cewa an taɓa ganin mushen ayu har shida a lokaci guda a ƙasan madatsar Kainji. Mai zaune a Ikko ko Badun da ke kunna fitila da wutar Kainji, ga wani ɓangare na kuɗinta da ba ya fitowa a takardar biya.

Gaskiya tafkin bai zama sharri zalla ga ayu ba. Burugu ya yaɗu a gaɓoɓinsa, ruwa kuma ba ya ƙafewa. Kwara a nan cika biyu take yi a shekara: farin ruwa na damina, mai laka, wajen Agusta zuwa Oktoba, da baƙin ruwa wanda ke tasowa tun daga duwatsun Gini ya ratso Mali, ba ya isowa sai wajen Disamba zuwa Fabrairu. Amma daga nan sai tafkin ya yi ta janyewa, har ya sauka da kusan ƙafa 30 kafin damina ta kankama. Ayun da ya shiga ƙorama yana kiwo bai fita da wuri ba, sai ya tsinci kansa cikin kududdufi, kowane yaro na ganinsa. Ga shi kuma tafkin ya jawo masunta dubbai daga ko'ina, har daga Mali da Kudu, kowa da tarunsa. Inda kuma ya leƙa gonar shinkafa ta bakin ruwa ya yi ɓarna, manomi ba ya yi masa uzuri.

Doka tana nan a takarda

Ba yau aka fara kuka ba. Wata Baturiyar Ingila masaniyar dabbobi, Sylvia Sikes, ta yi rubutu cikin 1974 tana gargaɗin cewa ayun Nijeriya na raguwa, ita ce kuma ta yi ta ƙoƙarin a mai da tafkin Pandam, cikin Jihar Filato ta yanzu, mafakarsa. Cikin 1985, zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, aka kafa Doka ta 11 mai kare dabbobin da ke shirin ƙarewa, aka sa ayu a jerin farko, watau waɗanda aka hana kamawa ko sayarwa sam. Tarar farko Naira 1,000 ce, abin da daga baya ya zama abin dariya, sai cikin 2016 aka gyara dokar aka ɗaga tarar ƙwarai. Cikin 2013 kuma, a taron ƙasashen duniya na yarjejeniyar CITES da aka yi a Bankok, aka haramta cinikin ayun Afirka da sassan jikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa. Ƙungiyar IUCN mai lissafin dabbobin da ke cikin haɗari ta yi hasashen cikin 2015 cewa zai iya raguwa da kashi 30 cikin ɗari ko fiye a tsawon shekara 90.

Doka dai ga ta. Amma cikin Fabrairu 2020 duniya ta kalli hoton bidiyo na waɗansu samari a Jihar Delta suna jan ayu da ransa bisa turɓaya da igiya, jama'a na biye suna sowa. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta yi Allah wadai. Wannan an gani ne domin wani ya ɗauka da waya. Na gungun Kwara da ake fedewa kafin hantsi ba mai ɗauka.

Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, wanda aka kafa cikin 1979, shi ne na farko a Nijeriya. Yanki biyu ne, na Borgu a yamma da na Zugurma a gabas cikin ƙasar Kontagora. Sai dai sunan tafki kawai ya ɗauka, mafi yawan ruwan yana wajen iyakarsa, ma'aikatansa kuwa an horar da su ne don tsaron namun tudu. Tun wajen 2020 kuma 'yan bindiga suka sami mafaka a waɗansu sassan dajin, abin da ya sa sintiri ya yi wuya. A Sabuwar Busa akwai cibiyar binciken kifi ta Gwamnatin Tarayya, wadda ta samo asali tun 1968, amma kifi ne aikinta. Ayu ya faɗa tsakani: masu gandun daji su ce na ruwa ne, masu kifi su ce ai ba kifi ba ne.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Kogin Kwara ba shi da dolfin, dabbar nan mai dogon baki da ita ma ke shayarwa, amma manyan kogunan Asiya da Amurka ta Kudu suna da ita, kuma labarinta ya isa ishara. A Kogin Yanzi na ƙasar Sin akwai wata fara da ake kira baiji. Cikin 2006 masana suka yi mako shida suna bin kogin da jiragen ruwa biyu, ba su ga ko ɗaya ba. Taru da ƙugiya da madatsu da yawan jirage suka gama da ita, ba wanda ya yi niyya. Ta Kogin Indus a Pakistan, wadda kusan makauniya ce, madatsun ban ruwa sun rarraba ta kamar yadda Kainji da Jebba suka yi wa ayu, amma ita ta farfaɗo bayan an hana farautarta, aka kuma riƙa ceto waɗanda suka maƙale a magudanan ruwa. Cikin 2023 fari da zafi suka kashe dolfin fiye da 150 a Tafkin Tefe na ƙasar Birazil, inda zafin ruwan ya haura digiri 39. Shi kansa ayu yana da wani ƙaton ɗan'uwa a tekun arewa mai sanyi, wanda Turawa suka fara gani cikin 1741. Kafin 1768 ta wuce an cinye shi ƙaf. Shekara 27 ke nan.

A maƙwabta ana ɗan motsawa. A Kogin Senigal, wajen Matam, masunta da ma'aikatan gwamnati sukan haɗu su kama ayun da ruwa ya janye ya bari, su ɗora a mota su mayar da shi babban kogi. A Tafkin Osa na Kamaru wani masani ɗan ƙasar, Aristide Takoukam Kamla, ya koya wa masunta aika labarin duk ayun da suka gani ta wayar hannu. A Giyana ta Amurka ta Kudu kuwa an daɗe ana sakin ayu cikin magudanan ruwa don ya cinye ciyawar da ke toshe su. Wannan ya kamata ya sa mu tunani, gama baƙuwar kainuwar nan mai shunayyar fure, wadda ta shigo ta Badagiri cikin 1984, ta kuma bayyana a Kainji bayan 'yan shekaru, ta ci kuɗin gwamnati da ƙarfin masunta ba kaɗan ba. Ayu ba zai cinye ta duka ba, amma lebura ne da ba ya karɓar albashi.

A koma kan kwalba

Babu wani binciken likita da ya tabbatar cewa man ayu yana ƙara ni'ima, ko yana sa miji ya manne wa mata. Kitse ne na dabba kamar sauran kitse. Sa'an nan mai saye ya yi wannan lissafi da kansa: dabbar da masunci ke shekaru bai gani ba, ina ta sami man da ya cika kasuwannin Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal? Cikin biyu dole a yi ɗaya. Ko dai abin da ke cikin kwalbar ba man ayu ba ne, an karɓi kuɗin mutum a banza, an kuma ba mace abin da ba a san asalinsa ba ta sa a jikinta. Ko kuwa na gaske ne, to an karya doka, mai sayarwa da mai ɗauke da shi a mota duk suna iya shiga hannu. Malaman Malikiyya sun halatta naman dabbar ruwa, wannan ba gardama, amma halascin ci dabam, ƙarar da iri dabam, ba kuwa malamin da ya halatta ha'inci a ciniki.

'Yan Arewa mazauna Kurmi suna da hannu a wannan al'amari fiye da yadda suke zato, domin mafi yawan kuɗin daga aljihunsu yake fita, kuma motocin da ke kawo busasshen kifi daga Yawuri da bakin Kainji su ke biyowa ta Kontagora da Makwa su gangara Kudu. Sarakunan Hausawa na Sabo-Sabo da shugabannin masu maganin gargajiya suna iya tsawatawa a kasuwanninsu. A gida kuma maganar tana hannun Sarakunan Ruwa da hakiman Auna da Yawuri da Busa, waɗanda masunci ke jin maganarsu fiye da ta ma'aikacin da ke zuwa sau ɗaya a shekara. Su suka san gurbin da ayu ke kwana da ƙoramar da yake shiga. Lokacin da ya fi bukatar ido shi ne daga Maris zuwa Yuni, sa'ad da baƙin ruwa ya wuce, tafki ke janyewa, ƙoramun gabas na wajen Auna suke yankewa daga uwar ruwa.